Laccar da aka gabatar wa matasan marubuta a Kano: kaɗaici daban, keɓewa daban

Assalamu alaikum. Malamaina da ke gaba, yayye da ƙanne, sannunku da haƙurin zama cikin wannan zafi.

Abin da zan yi magana a kai na daɗe ina ganinsa a rubuce-rubucenku, musamman masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Marubuciya na so ta nuna mana tauraruwarta na cikin kaɗaici, sai ta kai ta ɗaki ta turo ƙofa, shikenan sai kuka, shafi biyar ana kuka ana jiƙa filo. To ai wannan keɓe ta kika yi ƙanwata. Keɓewa daga waje take zuwa, katanga ce ko teku ko kurkuku ko takaba, abu ne da za a iya aunawa, a ce wata huɗu da kwana goma. Shi kuwa kaɗaici a zuci yake, kuma ya fi cizo idan ga mutane nan dankam.

Ku ɗauki Robinson Crusoe na Daniel Defoe, wanda ya fito a Ingila a 1719. Jirgi ya kife da mutum, ya yi shekara 28 a tsibiri, galibinsu ba ɗan'adam ko ɗaya. Me yake yi? Yana kafa shinge, yana kiwon awaki, yana shuka sha'ir, yana tsaga itace don lissafin kwanaki. Eh yana kewar mutane wani lokaci, amma ranar da ya ga sawun ƙafa a kan rairayi ba murna ya yi ba, tsorata ya yi ya ruga maɓoyarsa. Kun ga mutumin da ya saba da keɓewarsa har baƙo ya zame masa barazana. Mu ma ai mun san irin wannan, malami ya shiga halwa ko mutum ya shiga i'itikafi goman ƙarshe, wa zai ce masa sannu da kaɗaici?

Yanzu ku dawo gida, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, cikin littattafan da suka fito daga gasar rubuta labaran Hausa da wani Bature, Rupert East, ya shirya a 1933. Kowa Umar yake tunawa, ni kuwa mahaifiyarsa ce ke tsaya min a rai. Matar nan da aka sace mata ɗa ta bi sahu ta keta sahara, kullum tana cikin ayari, ga fatake ga raƙuma ga bayi, har ita ma ta ƙare a baiwa a ƙasar Larabawa, ba a taɓa barinta ita kaɗai ba amma duk taron nan babu wanda abin da ke cinta ya dama, kuma ba a ɓata shafuka ana kuka ba, tafiyar kawai aka nuna mana. Wallahi wannan ya fi filo ɗari.

Haka Rabi a Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, 1990, nan cikin garin nan aka gina labarin. 'Ya'ya tara, gida cike da hayaniya, ga miji Alhaji Abdu yana shiga yana fita, amma hankalinsa na kan Delu, wadda ya auro mata a matsayin kishiya. Tun kafin ya kore ta daga gidan ta riga ta zama ita kaɗai.

Saboda haka dan Allah in za ku rubuta kaɗaici ku fito da yarinyar nan tsakar gida. Ku kai ta gidan biki, a yi ta shewa ana liƙi, a ce mata ya gida ta ce lafiya lau, mai tambayar ta riga ta juya kafin ta rufe baki. Ta ɗauko waya ta bi lambobi tun daga sama har ƙasa ta rasa wanda za ta kira. Ba na ce kar a yi kuka ba fa, kar Hajiya da ke can baya ta harare ni, a yi, amma a bari sai mai karatu ya riga ta jin abin.

Aikin da zan ba ku kafin zama na gaba, kowa ya rubuto shafi biyu, ɗaya ɗan kasuwar Kwari a tsakiyar ciniki, ɗaya mai gadin gona shi kaɗai a bukka, kuma kar kalmar kaɗaici ta fito a ko ɗaya. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.