Kumburin Ƙafa Mai Harbawa: Idan Jijiyoyin Jini Suka Haɗe Ba Bisa Ƙa'ida Ba

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai wani kumburi da ke fitowa a cinya, ko a ƙwauri, ko wajen idon sawu, wanda in ka ɗora hannu za ka ji ya fi sauran jiki ɗumi, yana kuma harbawa daidai da bugun zuciya. Wani ma diri za ka ji a tafin hannunka. Wannan ba maruru ba ne. Ba a yi masa sakiya, ba a kafa masa ƙaho.

Ku ɗauki misalin zanen jijiyoyin jini da ake yi da ja da shuɗi. Jajayen layukan su ne jijiyoyin da ke ɗauko jini daga zuciya. Da ƙarfi jinin ke tafiya a cikinsu, shi ya sa bangonsu ke da kauri. Shuɗɗan kuma su ke mayar da jini zuciya, a hankali, bangonsu ba ƙwari. A tsakaninsu akwai wasu ƙananan hanyoyi da suka fi gashi siranta. A nan jini ke rage gudu, ya sauke wa tsoka da fata iska da abinci, sannan ya juya.

Matsalar da muke magana a kai ita ce jijiyar kai jini ta buɗe kai-tsaye cikin ta mayarwa, jini ya yanke hanya. Wanda ya taɓa noman rani a bakin kogin Galma na Zariya ya san abin: in hanyar ruwa ta ɓalle tun daga sama, ruwan ya koma rafi, inji na ta aiki, amma kwamin da ke can ƙarshe a bushe yake. Haka yatsu da fatar ƙasan ƙafa ke rasa isasshen jini, ciwo ya zama gyambo ya ƙi warkewa. Jijiyoyin mayarwa kuwa, da yake ba a yi su don wannan ƙarfi ba, sai su kumbura su murɗe, su fito ɓaro-ɓaro. Zuciya ma ba ta tsira ba. Babban mutum yana zaune, tana tura jini kusan lita 5 a minti ɗaya. In mahaɗar babba ce, sai ta ƙara aiki dare da rana har ta gaji, mutum ya fara haki.

Daga ina abin ke zuwa? Wani rauni ne sanadi: sukar wuƙa, harbin bindiga, karaya, ko allurar da aka soka a saman cinya don wani aikin asibiti. Tun 1757 wani likita a Landan, William Hunter, ya bayyana irin wannan haɗewa a hannun waɗanda aka tsaga wa jijiya don a fitar musu da jini. Kun ga ke nan tsaga ma na iya jawo ta. Wani kuwa da ita aka haife shi, kuma tasa ta fi rikitarwa, don ba mahaɗa ɗaya ba ce, dunƙulen jijiyoyi ne a cukurkuɗe. Tana iya yin shiru shekara da shekaru, sai lokacin balaga, ko goyon ciki, ko bayan an bugu a wurin, ta taso. Akwai yaran da ke da jan tabo a fata, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kauri da tsawo. Likita Parkes Weber ya yi bayanin irinsu a 1907. Iyaye mata, ba wani abu kuka ci da ciki ba, ba kuma jifa ba ne.

To, a je asibiti. A nan Zariya, asibitin unguwa na iya ba ka takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Likita zai tambayi tarihin rauni, ko da na shekarun baya ne, don haka kada a ɓoye masa an je wurin mai ɗori ko wanzami. Zai taɓa wurin, ya ɗora abin sauraren ƙirji, ya ji wani gurnani da ba ya yankewa. Akwai ma tsohuwar alama: in aka danne babbar mahaɗa, bugun zuciya kan ragu nan take. Likita ke yin wannan, kada wani ya gwada a gida.

Gwajin farko sikanin ne da ake kira Dopla. Ba allura, ba zafi, man shafawa ne kawai da ɗan abin da ake gogawa a fata, ya nuna inda jini ya nufa da saurinsa. In ana son ganin zurfin abin cikin tsoka da ƙashi, sai hoton MRI ko na CT. Na ƙarshe shi ne a zura siririn bututu ta jijiyar cinya, a saki ruwa mai bayyana a hoto. Kafin wannan akan duba lafiyar ƙoda, mai ciki kuma ta faɗa tun da wuri.

Magani ya danganta da iri. Ƙaramar mahaɗar da allura ta jawo sau da yawa da kanta take rufewa. Wadda ba ta damun mai ita, akan sa mata ido, a ba da safa mai matse ƙafa. Ta rauni, in mahaɗa ɗaya ce, likitan tiyata ya raba jijiyoyin ya ɗinke, ko a sa ɗan bututu mai rufi daga ciki ya toshe ɓular, kuma galibi shi ke nan.

Ta haihuwa ce ke son haƙuri. Akan bi ta cikin jijiya har tsakiyar dunƙulen, a toshe shi da ƙananan wayoyi, ko gam na musamman, ko wani ruwa mai ƙona bangon jijiyar. Sau ɗaya ba ya cika isa. Wani lokaci bayan toshewar sai a yi tiyata a cire. Abin da likitoci suka koya da wahala shi ne, ɗaure babbar jijiyar da ke shayar da dunƙulen kaɗai ba magani ba ne: jini zai nemi wasu hanyoyin, ga shi an rufe ƙofar da za a bi a yi aiki nan gaba. Aikin toshewar ma yana da haɗarinsa, fata na iya mutuwa a wurin, kuma ba kowane asibiti ke da kayan yin sa ba, ana iya tura mutum wani gari. Yanke ƙafa sai abin ya kai maƙura.

In wurin ya fashe yana tsartuwar jini, a samu tsumma mai tsabta a danne da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. A kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar sama, a nufi sashen gaggawa. Ba toka, ba garin magani. Wanda aka yi wa aiki kuma ya riƙe takardunsa da hotunansa, ya riƙa komawa ranar da aka ba shi, domin ta haihuwar tana iya dawowa bayan shekaru.