Ranar da Mawaƙinka Ya Hau Dandamali: Wurin Tsayuwa, Gaisuwa da Adana Tikiti

Zainab: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau hirarmu a kan kallon wasan mawaƙa ne ido da ido, irin wanda mutum zai shekara ashirin yana ba da labarinsa. Ina tare da Malam Kabiru, mai haɗa sauti a wuraren wasa, da Anti Ladi, mai shirya taruka da karɓar baƙin mawaƙa. Malam Kabiru, mutum biyu su je wasa ɗaya, wannan ya dawo yana yabo, wancan ya ce shi hayaniya kawai ya ji. Me ke kawo haka?

Malam Kabiru: Galibi wurin tsayuwa ne, Zainab. Kowa rububin gaba yake yi, alhali manyan lasifikokin da ake ratayewa hagu da dama an saita su ne su harba sauti can tsakiyar fili. Wanda ya manne da dandamali, sautin ta saman kansa yake wucewa. Abin da ke isa gare shi ƙarar ganga ce da dukan lasifikokin ƙasa masu kaurin sauti, muryar mawaƙi kuwa sai ya yi da gaske zai tsinto ta.

Zainab: To ina ya kamata mutum ya tsaya?

Malam Kabiru: Ya nemi teburin miksa, wato na'urar daidaita sauti, wanda ake kewayewa da shinge a tsakiyar jama'a. Injiniyan da ke zaune a nan da kunnensa yake daidaita komai, don haka abin da yake ji shi ne wasan yadda aka so a ji shi. Gabansa kaɗan ko gefensa, nan ne wurin. A guji jikin bango da ƙarƙashin bene, domin sauti mai kauri taruwa yake a kusurwa ya dagula komai. Idan kuma filin ƙwallo ne, akwai batun nisa. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa ɗaya, wato wanda ke nesa da mita 100 zai ga makaɗi ya daki ganga a allo, sai bayan kusan sulusin daƙiƙa ƙarar ta iso. Shi ya sa ake kafa wasu lasifikoki a tsakiyar fili, a jinkirta sautinsu daidai da nisan, kada sauti biyu su yi karo.

Anti Ladi: Kuma dā can babu duk wannan. Da mawaƙan Beatles na Ingila suka yi wasa a filin Shea na birnin New York a watan Agustan 1965, gaban mutum fiye da 55,000, ihun 'yan kallo ya danne kiɗan har su kansu ba sa jin abin da suke bugawa.

Malam Kabiru: Ƙwarai, Hajiya. Yanzu kuma matsalar ta juya, ƙarfin ya yi yawa. Ƙa'idar da masu kula da lafiyar ma'aikata ke bi ita ce kada mutum ya wuce awa 8 cikin ƙarar desibel 85, desibel kuwa ma'aunin ƙarfin sauti ne. Duk ƙarin desibel 3, sai a raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, haka har a kai 100, wanda minti 15 ne kacal. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da mizanin wuraren wasa, ta ce matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel 100. Ki lura, wannan shi ne iyakar da aka yarje, wasa kuwa yakan kai awa biyu.

Zainab: Ke nan ko an bi doka, kunne na shan wahala.

Malam Kabiru: Sosai. Wannan ƙugin da mutum ke ji a kunne bayan an tashi alama ce ta cewa ƙananan ƙwayoyin ji na cikin kunne sun jigata, kuma waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa. Matoshin kunne iri biyu ne. Na soso yana da araha, sai dai yana kashe siraran sauti fiye da masu kauri, kiɗan ya koma a dusashe. Na makaɗa yana da 'yar matata a ciki, yana rage kamar desibel 15 zuwa 20 kusan bai ɗaya, waƙar ta fito tangaran, ƙarfinta ne kawai ya ragu. Kuskuren da aka fi yi da na soso shi ne a ɗora shi a bakin kunne. A murza shi ya sirance, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama, a tura, a riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cika ramin.

Zainab: Anti Ladi, ke kuma na san cunkoso ne damuwarki.

Anti Ladi: Shi ne, don yana cin rai. A bikin waƙoƙi na Roskilde a ƙasar Denmak a 2000 mutum 9 suka rasu a gaban dandamali, a bikin Astroworld na birnin Houston a Amurka a 2021 mutum 10. Matsi ne ke hana ƙirji buɗewa, mutum ya kasa numfashi yana tsaye. Da zarar ka ji ba kai ke da iko da ƙafarka ba, taro ne ke kaɗa ka, wurin ya wuce ƙima. Ka ɗaga hannuwa gaban ƙirji, kada ka yi kokawa da turin, ka riƙa zamewa gefe-gefe duk lokacin da ya lafa. Abu ya faɗi ƙasa, ko waya ce, a bar ta. Kuma tun shigowa a duba ƙofar fita ta biyu, don kowa ta inda ya shigo yake son komawa.

Zainab: Tunda an ambaci waya, kowa yanzu ɗaga ta yake daga farko har ƙarshe.

Malam Kabiru: Kuma yawancin bidiyon ba ya kalluwa. Makirufon waya ƙarami ne, idan ƙara ta fi ƙarfinsa sai ya riƙa tsagewa, da wuya manhaja ta gyara wannan sarai daga baya. Filasha ba ta wuce 'yan mitoci, ƙeyar na gabanka kawai za ta haska. Jawo hoto da yatsa kuma farfasa shi yake yi. In za a ɗauka, a matsa nesa da lasifika, a danna kan fuskar mawaƙi a rage haske kaɗan, a ɗauki minti ɗaya a mayar aljihu.

Anti Ladi: Akwai ma binciken Linda Henkel, masaniyar halayyar ɗan Adam, na 2014, da aka zagaya da ɗalibai gidan kayan tarihi. Abubuwan da suka ɗauka a hoto ba su tuna su kamar waɗanda suka tsaya suka kalla ba. A gidan tarihi aka yi shi, amma ni dai ina ganin darasin ya shafi wasa. Wasu mawaƙan ma yanzu sa wa ake yi a kulle wayoyi cikin wata 'yar jaka mai makulli da ake kira Yondr har a tashi.

Zainab: Mu zo kan abin da matasa suka fi tambaya. Yaya ake haɗuwa da mawaƙin?

Anti Ladi: Ya danganta da girmansa. Ƙananan ƙungiyoyi sukan fito teburin sayar da riguna da faifai bayan wasa, nan ne mafi sauƙi, kuma sayen wani abu a nan taimako ne na gaske gare su. Manya kuwa sai da tikitin gaisuwa na musamman, wanda a shafin mawaƙin ko na mai sayar da tikiti na hukuma kaɗai ake saye. Duk wanda ya turo saƙo yana cewa shi manajan wane ne, a tura kuɗi ya haɗa ka da shi, ɗan damfara ne. Akwai kuma jiran ƙofar baya, da rana lokacin gwajin sauti ko bayan an tashi. Babu tabbas a nan. Otal da gidan mutum kuwa ba wurin zuwa ba ne sam.

Zainab: Idan an samu shiga fa?

Anti Ladi: Ƙanwata, lokacin ƙanƙani ne, sau da yawa bai kai minti ɗaya ba, layi na bayanki. Abin da ke ɓata shi shi ne lalube. Ki buɗe kyamara tun kina layi, ki cire murfin maka, wato alƙalami mai kaurin baki, ki buɗe shafin da za a sa wa hannu. Ki shirya magana ɗaya tak, kuma ta zama takamaimiya: waƙa kaza, baiti kaza, ga abin da ya yi mini. Wannan sun fi riƙewa a kan "ina sonki sosai" da suke ji sau ɗari a dare. Ki nemi izini kafin hoto ko taɓa jiki. Idan mawaƙiya ta amsa da murmushi kawai, kada ki ɗauka girman kai ne, wadda ta yi awa biyu tana rera waƙa kuma gobe tana da wani wasan dole ta huta da murya.

Malam Kabiru: A ƙara da takardar jerin waƙoƙi da ake mannawa a ƙasan dandamali. Bayan wasa ma'aikata ɓamɓare ta suke yi. In ka jira suka ɗan sarara ka roƙa da ladabi, sukan miƙo. Hawa dandamali ka ɗauka da kanka kuwa, waje za a yi da kai.

Zainab: To an dawo gida da tikiti da sa hannu. Sai a kai a yi musu laminatin?

Anti Ladi: A'a! Nan ne ake tafka asara. Tikiti da yawa a kan takarda mai aiki da zafi ake buga su, irin ta rasit ɗin ATM. Babu tawada a jikinta, zafi ne ke fito da rubutun. Injin laminatin kuwa da zafi yake aiki, sai tikitin ya fito baƙi ƙirin. Ko ba a yi haka ba, rana da zafi na cinye rubutun sannu a hankali, salatif ma na lalata shi. A ɗauki hotonsa ko a yi sikanin a makon farko, a sa na ainihin cikin ambulan na takarda, a ajiye inda ba haske ba laima. Sa hannu kuma, biro na takarda ne, maka ta kan hoto mai sheƙi, mai ruwan azurfa ta kan baƙin bango. A bar shi ya bushe kafin a rufe, in ba haka ba ya shafe. Rigar da aka sa wa hannu kuma ta daina shiga wanki.

Zainab: Wanda tikitinsa na waya ne fa?

Anti Ladi: Ya ɗauki hoton allon kafin ranar wasa, don wasu manhajojin na cire shi bayan an gama. Amma don ajiya kawai, domin wasu lambobin shiga canzawa suke yi, hoton ba zai buɗe masa ƙofa ba.

Zainab: Malam Kabiru, Anti Ladi, mun gode. Masu sauraro, sai mako mai zuwa.