Makankari Ba Shi da Ƙwaƙwalwa, To Da Me Yake Rufe Baki?

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanku da yamma. Ku matso gaba, ga kujeru nan babu kowa.

Wanda ya taɓa tono makankari a lakar bakin kogi ya san halinsa. Kana taɓa shi zai datse ɓawonsa biyu gam, ko da wuƙa sai ka yi da gaske. Dabbar nan kuwa ko kai ba ta da shi. Wa ya ba da umarnin rufewa?

Abin da yake da shi ƙulle-ƙullen jijiya ne, tagwaye uku: biyu kusa da baki, biyu a cikin ƙafa, biyu manne da tsokar baya mai rufe ɓawo. Dogayen zaruruwa ne suka haɗa su. Tun 1885 Ivan Pavlov, mutumin nan na Rasha mai gwajin karnuka, ya wallafa bincike kan yadda makankari ke buɗe ɓawonsa.

Yanzu a yanko ƙulli ɗaya siriri, a rina shi, a ɗora a maikuroskof, madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Ku dubi allo. Daga waje akwai fata mai laushi da ta lulluɓe shi. Ƙarƙashinta ƙwayoyin jijiya sun jeru a gefe, kamar 'yan kallo sun kewaye filin dambe. Galibinsu reshe ɗaya tak kowace ta miƙa zuwa ciki, a can yake rarrabuwa. Tsakiya kuwa zare ne ya sarƙe da zare, kuma a cikin wannan sarƙaƙiya saƙo ke tsallakawa daga wata ƙwaya zuwa wata. A lakar gadon bayanmu akasin haka ne, ƙwayoyi a ciki, zaruruwa a waje.

Ni abin da ya fi burge ni sirantar zaren. Da yawa ba su kai kashi 1 cikin 1,000 na milimita ba, kuma tsirara suke, babu rigar kitsen nan mayalin da ke sa saƙo ya yi gudun sama da mita 100 a daƙiƙa a jikin mutum. Saboda haka saƙon makankari tafiyar hawainiya yake yi. Ina zai je da sauri, shi da yake kwance yana tace ruwa?

Wani ya ɗaga hannu kan ɗigo-ɗigon rawayan nan cikin ƙwayoyin. Madalla. Imre Zs.-Nagy ya nazarce su a cibiyar bincike ta Tihany da ke bakin tafkin Balaton a Hungary, cikin makankarin da ake kira Anodonta cygnea. A ra'ayinsa suna da hannu wajen taimakon jijiya ta jure rashin iskar shaƙa idan dabbar ta daɗe a rufe. A ƙarshen zaruruwa kuma akwai 'yan jakunkuna ɗauke da sinadarai irin su serotonin, wanda ke sassauta tsoka har ɓawo ya buɗe.

A kawo hoto na gaba, mu ga ƙullin ƙafa.