Kabeji mai baƙar jijiya da danginsa na Habasha

Nasiru: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ba dogon gaishe-gaishe, don tun makon jiya hotunan kabejin nan ke yawo a zaurenmu na WhatsApp, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Wani ya ce rana ce, wani ya ce taki ya yi yawa, wani ma ya ce baki ne.

Hajiya Luba: Baki kam akwai shi, Nasiru, kada ka raina.

Malam Bello: Akwai shi Hajiya, amma ba shi ya ci wanga kabeji ba. Ku sake duba hoton da aka turo daga fadamar Kwalkwalawa. Rawayar daga bakin ganye ta faro, tana shiga ciki tana tsukewa, siffar harafin V. Ka ɗaga ganyen ga rana, za ka ga jijiyoyin sun yi baƙi. Ka yanka kututturen, baƙin na nan ciki zagaye. Wannan alamar baƙar ruɓa ce, aikin wata ƙwayar cuta da masana ke kira Xanthomonas. Ta 'yan ƙofofin bakin ganye take shiga, nan inda kake ganin ɗigon ruwa da asuba. Sau da yawa cikin irin ma take zuwa, daga nan fantsamar ruwan bayi ta raba ta kwami kwami.

Nasiru: To Malam, abin da mutane ke tambaya shi ne, don mi lambu guda zai tafi gaba ɗaya, ko kai ɗaya bai tsira ba?

Malam Bello: Don gwangwanin iri guda aka buɗe. Irin nan na F1, wato wanda kamfani ke haɗawa ta barbarar iyaye biyu zaɓaɓɓu, an yi shi ne don kowane kai ya fito daidai da ɗan uwansa, girma ɗaya, ranar yanka ɗaya. Dillali na son haka. To gadon jikinsu ma ɗaya ne, abin da ya kada na farko shi zai kada na ƙarshe. Kuma matsalar ta wuce gwangwani. Kabeji, farin kabeji, burokoli, duk tsiro ɗaya ne a asali, daga wani ganyen daji na gaɓar tekun Turai. Mutane ne suka yi ta zaɓe, wani ya bi ganye, wani ya bi fure. Ita kuma cutar tana da nau'i-nau'i, masana sun ba su lamba. Lamba 1 da lamba 4 su suka fi addabar kabeji a duniya, kuma da aka bincike gidan kabeji kaf, masu jure musu sosai ba su taka kara sun karya ba.

Hajiya Luba: Ka ce dai auren gida ya yi musu yawa.

Malam Bello: Kusan haka.

Hajiya Luba: Nasiru ka ji ko? Kai da Gwaggo ta riga ta ajiye maka 'yar ɗakinta.

Nasiru: Anti don Allah ki rufa mini asiri, ana jinmu har Illela.

Hajiya Luba: Ai gara a ji. Yarinya ta iya tuwo, ta iya kwaɗon zogale, mi kake nema kuma?

Nasiru: Ni fa ban ce ba na so ba, cewa na yi sai na gama bautar ƙasa.

Hajiya Luba: Bautar ƙasar da ka gama tun bara?

Malam Bello: Hajiya, a bar yaro ya sha iska.

Hajiya Luba: Kai ma ai 'yar kawunka ce uwargida, shi ya sa kake kare shi.

Malam Bello: Kuma alhamdu lillahi babu mai baƙar jijiya a gidana. Mu koma lambu. Tunda an rasa a gida, sai masu bincike suka leƙa dangi na nesa. Akwai baƙin mastad, akwai wani ganye da Habashawa ke miya da shi, suna ce masa gomen. A cikin waɗannan aka fi samun masu jure wa lamba 1 da lamba 4. Wani masani ɗan asalin Koriya, Woo Jang-choon, tun 1935 ya zana yadda zumuntarsu take. Ƙunshin gadon da ke cikin ƙwayar halittar kabeji 18 ne, na baƙin mastad 16, na Habasha 34. Nasiru, haɗa 18 da 16.

Nasiru: 34. Au, wato na Habashan ɗansu ne su biyu?

Malam Bello: Awo. Can da daɗewa suka haɗu da kansu, ba hannun kowa. Amma yanzu in ka ce za ka ɗauko juriyar ka mayar wa kabeji, aiki ne ja. Ka yi barbara, ɗan tayin irin ya mutu tun bai ƙosa ba, sai an ciro shi an rena cikin kwalba a ɗakin gwaji. In ya rayu kuma ya zo da halin daji, ba ya naɗe kai, sai an yi ta mayar da shi ga kabeji shekara da shekaru.

Hajiya Luba: To mu mi zai hana mu yi irin na kakanninmu? Gero, wanda ya fi kyau a gona shi ake ɗaurewa a rataye don baɗi. Albasa ma manomanmu na fidda irinsu da kansu.

Malam Bello: Madalla da wannan tambaya. An taɓa yin hakan kuwa. A jihar Wisconsin ta Amurka wata cutar ƙasa mai sa kabeji rawaya ta tashi gonaki, wani masani L. R. Jones ya bi gonakin da suka mutu yana tsince 'yan tsirarun da suka tsaya da ƙafarsu. Daga su aka fidda iri mai juriya wajen 1916. Mu abin da ya ɗaure mu, kabeji ba ya fure sai ya sha sanyi mai tsanani na makonni, kuma hunturun Sakkwato bai kai nan ba. Ko da ya yi furen, 'ya'yan F1 ba sa fitowa kamar uwarsu. Shi ya sa kowace shekara hannunmu na cikin aljihu, abin da kamfanin waje ya zuba a gwangwani shi ne rabonmu. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, gomen ɗin nan na jure zafi fiye da kabeji, yana fidda iri ba wahala. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da tsangayar noma a bakin fadama, ga cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT a Ibadan. A gwada shi mana a ƙasarmu a gani.

Hajiya Luba: Wa zai saya? Mai tsire ba zai yanka maka gomen a gefen nama ba.

Malam Bello: Miya za a yi da shi, Hajiya.

Hajiya Luba: Sai na ɗanɗana tukuna.

Nasiru: Malam, mun yi wa masu saurare alkawarin shawarwari biyar, ga shi an fara kiran la'asar.

Malam Bello: To a gurguje. Kada a zuba iri ɗaya a lambu duka, a raba biyu ko uku, a duba wanda aka rubuta yana jure baƙar ruɓa. Inda ta ci, a huta da kabeji shekara uku, a sa albasa. A kwashe ganyen da ya kamu a fitar, kada a bar shi bakin kwami. A daina watsa ruwa ta sama. Irin da ba a wanke da magani ba, a jiƙa shi cikin ruwan zafi digiri 50, minti 25, amma sai da ma'auni, in ba haka ba ka dafa shi.

Nasiru: Tambayar tsutsar kabeji da aka turo daga Wurno fa?

Malam Bello: Wannan shiri guda ce, sai mako mai zuwa.

Hajiya Luba: Mu gayyato Gwaggo ma.

Nasiru: Anti! A kashe na'urar nan.