Jirgin da aka yanka don ɗan'uwansa ya rayu

Hadiza: Assalamu alaikum. Tun da muka yi maganar Prince of Wales, jirgin ruwan yaƙin Birtaniya mai ɗaukar jiragen sama, saƙonni ba su tsaya ba, kowa na tambaya wai da gaske an kwance masa kaya an sa wa ɗan'uwansa, jirgin Queen Elizabeth?

Yaya Sani: An yi. Bayan sandar farfelarsa ta lalace a 2022 yana kwance wajen gyara, aka riƙa ɗaukar wasu kayansa. Amma ni abin bai ba ni mamaki ba, tsohuwar ɗabi'a ce a rundunar ruwan Birtaniya. Ku dubi Eagle da Ark Royal, su ma jiragen ruwa ne masu ɗaukar jiragen sama. Uwa ɗaya uba ɗaya, zubi ɗaya. A 1972 aka ajiye Eagle, aka ɗaure shi kusa da Plymouth, aka yi ta cire masa kaya ana kai wa Ark Royal har 1978.

Nura: Kenan Eagle ya fi tsufa?

Yaya Sani: Nan ne abin ke ci mini rai, Nura. An kwashe shekaru daga 1959 zuwa 1964 ana sabunta Eagle, kuma da yawa daga masana sun yarda ya fi lafiya. Amma Ark Royal aka yi wa gyaran ɗaukar jiragen saman yaƙi na Phantom, ga kuma gwamnati ta soke sabon jirgin CVA-01 tun 1966. Kuɗi babu. Sai aka yanka mai lafiya don a yi jinyar maras lafiya.

Nura: Wallahi Yaya, sak Kofar Ruwa. Mota biyu iri ɗaya, a fasa ɗaya a tashi ɗaya.

Hadiza: To ai sai ka je ka tambayo tukunyar tururi ta Beljiyam.

Nura: Za a ce mini akwai, in dawo gobe!

Hadiza: Ka dawo gobe a ce yaron shago ya tafi da makulli.

Nura: Jibi a ce kaya na hanya daga Legas...

Yaya Sani: Ku tsaya, ai maganar tukunyar nan da gaske ta faru. Akwai jirgi Leviathan, an fara ƙera shi lokacin yaƙin duniya na biyu, ba a taɓa kammala shi ba. Tukwanensa aka cire aka dasa wa Karel Doorman na Holan, wanda shi ma asalinsa na Birtaniya ne, Venerable, Holan ta saya a 1948. Daga baya Ajantina ta karɓe shi ta sa masa suna Veinticinco de Mayo. Da ya gaji, sai kayansa suka koma jikin Minas Gerais na Burazil, wanda ya yi aiki har 2001.

Hadiza: Yaya, me ya sa kayan ke shiga juna haka?

Yaya Sani: Dangi ɗaya ne, ƙananan jiragen da aka tsara a 1942 don a ƙera su da sauri a yi yaƙi da su na 'yan shekaru. Ba wanda ya zaci za su kai shekara hamsin. Abin da ya ja musu kwana dabaru uku ne na Birtaniya bayan zuwan jiragen jet. Dennis Cambell ya kawo shawarar karkata filin sauka a 1951, ta yadda matuƙin da bai kama igiyar da ke tsayar da jirgi ba zai sake tashi maimakon ya afka wa jiragen da ke jere a gaba. Amurka ta gwada a kan jirginta Antietam. Sai majajjawar tururi ta Colin Mitchell mai cilla jirgin sama wajen tashi, da aka gwada a kan jirgin Perseus, sai madubin sauka na Nicholas Goodhart. Matsalar ita ce kowace dabara ta zo da nata kayan gyara. Majajjawa tururi take ci, tururi tukunya yake so, masana'antar da ta yi tukunyar kuwa ta daɗe da daina yin irinta.

Nura: Mun ce za mu rufe da jirgin São Paulo na Burazil da yadda aka nutsar da shi a 2023.

Hadiza: Lokaci ya ƙure, Nura. Sai mako mai zuwa, ku ci gaba da turo tambayoyi.