Inda Bututu Ya Tsaya, Nan Gari Ya Tsaya

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zama na ɗaliban tsara birane. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Yau Amurka za mu leƙa, jihar Karolina ta Arewa, wata gunduma da ake kira Orange. Gunduma a tsarinsu ta ɗan yi kama da ƙaramar hukuma a nan, sai dai a cikinta akwai garuruwa masu nasu magajin gari da tasu majalisa. A kudancin Orange akwai biyu da ke manne da juna: Chapel Hill, mazaunin Jami'ar Karolina ta Arewa, mai mutum wajen 62,000 a ƙidayar 2020, da Carrboro mai wajen 21,000. Cikin gari, dokar gari ce. Kana fita, ta gunduma ce. To, duk rigimar a wannan bakin gari take.

Ku ɗauka mutum ne mai gina gidajen sayarwa. Cikin gari fili ya yi tsada, ƙa'ida ta yi tsauri. Sai ya matsa mil ɗaya, ya sayi gona da araha, ya jera gidajensa. Masu gidajen a gari suke aiki, titin gari suke cushewa safe da yamma. Bayan 'yan shekaru gari ya haɗiye unguwar, ya gaji titunan da ba shi ya zana ba. Dokar jihar ta so ta magance wannan, ta ba gari ikon sa baki a gine-gine daga mil ɗaya zuwa uku bayan iyakarsa, gwargwadon yawan jama'arsa. Amma manomin da ke zaune a wurin ba ya zaɓen magajin gari. Wanda ba ka zaɓa ba shi ke gaya maka abin da za ka gina a gonar kakanka. Wa zai ji daɗin haka?

A shekarun 1980, ana shimfiɗa babbar hanyar I-40 ta cikin gundumar, kowa ya ga abin da ke tafe. Sai hukumomin uku, wato gunduma da Chapel Hill da Carrboro, suka zauna. A 1986 gunduma da Chapel Hill suka amince da taswira guda ta amfani da ƙasa, a 1987 su ukun suka ƙulla yarjejeniyar aiki da ita. Suka raba bakin gari gida biyu. Na farko, yankin da aka yarda wata rana zai zama gari. Nan ƙa'idar gari ce ke aiki tun kafin a haɗe shi, amma gunduma tana da ta cewa idan za a sauya matsayin fili, kuma mazauna wurin suna da kujera a kwamitin tsara gari. Na biyu, wata ɗamara ta karkara, sama da eka 35,000, da ta kewaye garuruwan. Nan gunduma ce ke ba da izini, kuma gida ɗaya sai da eka biyu aƙalla. Kusa da tafkin da ake shan ruwansa, ƙa'idar ta fi haka tsanani.

Ga abin da nake so ku rubuta. Taswira irin wannan kowa zai iya zanawa, ku ma kun zana a aji. Abu biyu ne suka riƙe wannan har yau.

Na farko, ba mai iya taɓa layin shi kaɗai. Sai an yi zaman jin ra'ayin jama'a, sannan majalisu ukun kowacce ta yarda. Mai kuɗi zai iya shawo kan majalisa ɗaya. Uku kuwa, kowacce da masu zaɓenta, aiki ne ja.

Na biyun shi ne ainihin sirrin, wato bututu. Ruwan famfo da bututun kazanta na yankin suna hannun wata hukuma, OWASA, da ta karɓi aikin a 1977. Aka ce bututu ba zai shiga ɗamarar karkara ba. A 2001 aka ɗaure wannan da wata yarjejeniyar, har garin Hillsborough, hedikwatar gundumar, ya sa hannu. Ku duba yadda abin ke aiki a kan fuloti ɗaya. In ba bututu, kowane gida sai ya haƙa rijiyarsa, ya yi ramin kazantarsa, ya bar filin da ruwan zai tsane, ya kuma nesanta shi da rijiyar. Ƙasar yankin laka ce ja, ba ta shan ruwa da sauri. Mai son jera gidaje ƙofa da ƙofa, lissafinsa kawai zai gaya masa ba riba. Ba sai an turo jami'i da jan fenti ba.

Kada dai ku fita nan kuna cewa malam ya gano aljannar duniya. Akwai unguwar Rogers Road, tsohuwar unguwar baƙaƙen fata, da ta faɗo daidai kan iyakar hukumomin. A 1972 aka kafa jujin zuba sharar yankin a gefenta. Shekara arba'in suna shaƙar wari, manyan motocin shara na ratsa ƙofar gidajensu, su kuwa ba bututun kazanta. Ba a rufe jujin ba sai 2013, bayan nan ne aka ja musu bututun, aka raba kuɗin: gunduma kashi 43, Chapel Hill 43, Carrboro 14. A ganina wannan shi ne aibin mulkin haɗin gwiwa. Inda hukuma uku ke da iko, talaka yana iya rasa ƙofar da zai buga.

Ga kuma tsadar gida. An hana gari faɗaɗa, shi kuma bai yi saurin yin sama ba. Masu ƙaramin albashi da yawa sai suka nemi gida a wasu gundumomin, gine-gine suka tsallake ɗamarar suka sauka a gundumar Chatham ta kudu, wadda ba ta cikin yarjejeniyar.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu? Dokar filaye ta Najeriya ta 1978 ita ma ta raba mana iko: filin birni na hannun gwamna, na karkara ƙaramar hukuma ke ba da shaidarsa, gwamna kuma shi ke faɗin inda birni ya tsaya. Ku je bakin Kano ta Ungogo ko Kumbotso. Mai gona da dillali sun yi awon igiya, mai unguwa ya shaida, kafin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ta iso an kai linta, lungun ko motar asibiti ba za ta shiga ba. Sai dai dabarar bututu ba za ta yi aiki a nan ba, don dama ba wanda ke jiran famfo, kowa bohol yake haƙawa. Abin da mai fuloti ke jira a wurinmu shi ne kwalta, da taransifoma, da takardar mallaka. Idan jiha da ƙaramar hukuma za su zauna kan taswira guda, waɗannan ukun za su fara yarjejeniya a kai: ina za su je, ina ba za su je ba, kuma sa hannun wa ake buƙata kafin a sauya.