Yadda Ake Gane Wurin Shan Gahawa Mai Kyau a Addis Ababa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Da yawa daga cikinmu mun san Addis Ababa, babban birnin Habasha, ta tagar jirgi ne. Mutum ya taso daga Kano ko Yamai, ya sauka a filin jirgin Bole, ya jira wani jirgin zuwa Jidda ko Dubai ko Guangzhou, ya wuce. To idan Allah ya sa wata rana jiran ya kai ku kwana a garin, kada ku ƙare shi a ɗakin otal. Habasha ce mahaifar gahawar nan da ake kira arabika, ita ce ƙasar da ta fi noman gahawa a Afirka, kuma kusan rabin abin da take nomawa 'yan ƙasar ne ke shanye shi. Saboda haka gahawa ba ta wahalar samu a garin. Abin da ke bukatar ido da hanci shi ne gane mai kyau.

Ku fara riƙe kalma ɗaya: buna. Sunan gahawa ke nan a harshen Amhara.

Gahawar garin iri biyu ce. Akwai ta inji, wadda ta samo asali daga Italiyawa, waɗanda suka mamaye ƙasar daga 1936 zuwa 1941. Akwai kuma ta gargajiya, da ake dafawa a wata 'yar tukunyar yumɓu mai dogon wuya, sunanta jabana.

Ta injin, wurin da aka fi sani shi ne Tomoca, a tsohuwar unguwar Piyasa. Tun 1953 ake soya gahawa da wannan suna. Shagon ƙarami ne, a tsaye ake sha a gefen dogayen tebura. Ku fara biya wajen mai karɓar kuɗi, ku kai shaidar biya wajen mai inji, ya miƙo muku makiyato, wato gahawa mai ƙarfi da 'yar madara a ƙaramin kofin gilashi. Akwai kuma Kaldi's, da aka buɗe a 2004, mai rassa a unguwanni da dama. Can ya fi dacewa da wanda ke son kujera mai taushi da wurin ajiye kwamfuta. Idan kuka shiga ranar Laraba ko Juma'a kuka ji ana neman makiyaton azumi, kada ku yi mamaki. Kiristocin Orthodox na ƙasar ba sa taɓa nono da nama a waɗannan ranaku, don haka ake haɗa musu da madarar da ba ta dabba ba.

Amma ni, in aka ce in zaɓa, ta jabana zan kai ku. Ita ba ta da allon suna. Za ku gan ta a bakin titi, a ƙofar shago, a ƙarƙashin bene: mace zaune a kan 'yar kujera, gabanta kurfoti da garwashi, da ƙaramin tebur jere da finjalai marasa hannu, an baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, hayaƙin lubban na tashi. Kamar teburin mai shayi take a wajenmu, inda ma'aikaci da direba da ɗan kasuwa ke haɗuwa a benci ɗaya.

To a cikin irin waɗannan wurare masu ɗimbin yawa, wanne za ku zauna?

Ku dubi kaskon. Wannan shi ne babban sirrin. Inda ake yin abin yadda ya kamata, ɗanyar gahawa ake wankewa, a soya ta a kan garwashi a gaban idonku, ana juyawa har ta yi duhu ta fara sheƙi. Sai mai gahawar ta ɗauko kaskon ta zagaya da shi, kowa ya jawo hayaƙin da hannu ya shaƙa. Kada ku kawar da kai, girmamawa ce ake yi muku, kuma a nan ne hancinku zai faɗa muku gaskiya. In ƙamshi ne ya buge ku, mai ɗan zaƙi-zaƙi, ku gyara zama. In ƙauri kuka ji, kamar tuwon da ya kama a gindin tukunya, an ƙona ta, kuma ɗaci kawai za ku sha, duk yawan sukarin da kuka zuba. Daga nan a daka a turmi, a zuba a jabana, a tafasa, a sauke ta a ɗan jingine ta har garin ya kwanta, sannan a tsiyaya daga sama ba tare da an katse ba. Inda kuka ga jabana na zaune a kan wuta tun safe, ba kasko ba turmi, ɗumame ne. Ku ƙara gaba.

Na biyu, ku dubi su wa ke zaune. Wurin da 'yan unguwa suka cika bayan cin abincin rana, tukunyarsa ba ta daɗewa ba a sake sabuwa ba. Taurarin da baƙi ke ba shago a intanet sau da yawa kyan kujeru da ƙarfin intanet ɗin wurin suke yabawa. Gara ku tambayi direban tasi inda shi kansa yake sha.

Sau da yawa za a kawo muku gugguru, ko soyayyen sha'ir da suke kira kolo. Wani lokacin a sa wani ɗan ganye a gefen finjali, sunansa tena adam. Ku tsoma shi kaɗan ku cire, ƙamshinsa na da ƙarfi. In kuma a gida aka gayyace ku, to ku ware lokaci, domin zagaye uku ake yi: abol, tona, sai na ƙarshe baraka. Sunan na ukun ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, albarka ake nufi, kuma tashi kafin a kai gare shi ba ladabi ba ne.

Yanzu maganar tsaraba. A shagunan da ke soyawa su sayar, za ku ga sunayen yankuna a jikin jaka. Yirgacheffe, wadda galibi ake wanke 'ya'yanta kafin a shanya, ba ta da nauyi, tana da ƙamshin fure da ɗan tsamin lemo. Harar, ta gabashin ƙasar, da ɓawonta ake shanya ta a rana, shi ya sa take da nauyi da ɗanɗanon busassun 'ya'yan itace. Akwai Sidama, Guji, Limu da Jimma. Wanda ya saba da shayi mai kauri, ina ganin Harar za ta fi yi masa. Ku sayi ƙwaya, ba gari ba, domin da zarar an niƙa ƙamshin ya fara gudu. Ku tambayi ranar da aka soya ta. Wani abu da ba kowa ya sani ba: dokar ƙasar ta keɓe gahawar da ta kai matakin fitarwa waje don a samo kuɗin ƙetare, saboda haka ɗanyar da ake aunawa a kasuwar Markato ba lalle ta zama mafi daraja ba. In za ku saya a can, ku ɗebo a tafi ku duba: kada ta cika karyayyu, baƙaƙe, ko masu hujin ƙwari.

Sai a kiyaye abu biyu. Garin na kan tudu, sama da mita 2,300, safiya akwai sanyi, musamman daga Yuni zuwa Satumba lokacin damina, don haka ku riƙe rigar sanyi. Sannan agogonsu daban ne, daga fitowar rana suke fara ƙirga. In mai gahawa ta ce ku dawo ƙarfe biyu na safe za ta ɗora sabon kasko, ƙarfe takwas ɗinmu take nufi.